Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Attajiranmu Masu Fitar Da Riɗi Da Ƙaro

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayena alhazai, na Gadarif da na Bur Sudan, da waɗanda yaƙi ya kora Jidda da Alƙahira suna tafiyar da harka ta waya, ranku ya daɗe. Ina gaisuwa, ina kuma yi muku jajen abin da ya same mu tun watan Afrilun 2023. Na san a cikinku akwai wanda aka fasa wa sito, akwai wanda aka tare motocinsa a hanya aka tafi da su, akwai wanda ya fita daga Khartum daga shi sai rigar jikinsa. Allah ya mayar da alheri, ya jiƙan waɗanda muka rasa.

Ni ɗanku ne, malamin makaranta, ɗan manoma daga wani ƙauye kudu da Gadarif. A tarbiyyar da kuka yi mana, yaro ba ya tsayawa gaban manya ya nuna musu inda suka kauce. Na sha zama a gefen tabarmarku, a zuba mini shayi, in sha, in tashi da maganata a ciki. Shi ya sa na koma wa takarda, ita ba ta sunkuyar da kai. In an ga rashin kunya a cikinta, ku ɗora mini, kada ku ɗora wa mahaifina.

Kawuna zan fara ba ku labari, ƙanen mahaifiyata. Shekara talatin da wani abu yana noman riɗi. Duk wanda ya taɓa noma shi ya san halinsa: ba ya jira. Dawa za ka iya barinta a gona ta yi makonni, amma riɗi da ya nuna, kwanaki kaɗan gare ka, in ka yi sake kwanson ya buɗe, arzikinka ya tsiyaye cikin tsagar ƙasa. A waɗannan kwanakin na Oktoba kowa ke neman masu yanka lokaci guda, kuɗin hilla, wato ladan yankan tarin dammunan riɗi, ya yi sama, ga abincin ma'aikata, ga buhuna, ga mota. Aljihun manomi kuwa tun shuka da noman farko ya bushe. To sai ya nufi ina? Ya nufi wajen mai kanti, ko wajen yaronku da ke zaune a ƙauye, ya ci shel.

Ga 'yan uwanmu na Kano da Damagaram da za su karanta wannan, shel shi ne a ba ka kuɗi ko kayan masarufi yau, ka biya da amfanin gona ranar kaka, a kan farashin da mai ba da bashin ya yanka. Kawu ya ci shel a wata shekara da ba zan manta ba. Ranar da aka kai riɗinsa kasuwar amfanin gona ta Gadarif ina tsaye aka yi gwanjo. Abin da aka sayi kantari ɗaya, wato ma'aunin nauyin da ake ciniki da shi, a gabana ya ninka abin da aka lissafa masa tun a ƙauye, har da ɗoriya. Bai ce uffan ba. Ya gyara rawaninsa, ya ce mini mu je mu ga ko za mu samu motar komawa. A hanya ne kawai ya ce, “Ɗana, ai alkawari ne.” Ba a kai watan Maris ba sai da ya koma cin bashin dawa.

Kada ku ɗauka ina cikin masu zagin kasuwanci. Da wane baki? Kakanninmu fatake ne. Tun kafin Bature ya san hanyar Kano ayarin Hausawa ke kai baƙi da kilishi da fata arewa, suna ɗauko goro daga Gwanja. Mu kanmu hanyar hajji da hanyar fatauci ce ta ajiye mu a bakin Nilu, wasu kuma hijira bayan yaƙin Burmi a 1903, suka bi Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru har inda garin da ke ɗauke da sunansa yake a yau, kusa da Sinnar. Ba don jirgin da ke tsayawa a Bur Sudan ba, wa zai cinye riɗin Gadarif? Mu nawa ne, kantu nawa za mu ci? Kasuwar China da Turkiyya da Masar da Saudiyya ce ta sa gonar Kawu take da daraja, ku kuma ku ne kuka san ƙofar wannan kasuwa. Wannan ban musa ba.

Ban kuma musa abin da ciniki tsakanin ƙasashe ya yi wa talakan duniya ba. A 1990, bisa lissafin Bankin Duniya, fiye da mutum ɗaya cikin uku a doron ƙasa yana cikin matsanancin talauci. Zuwa 2019 abin ya sauko ƙasa da ɗaya cikin goma. Mafi yawan wannan sauyi a Asiya ya faru. China kaɗai ta fitar da mutum kusan miliyan 800 daga wannan hali cikin shekara arba'in, kuma gudunta ya ƙaru bayan ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a ƙarshen 2001. Vietnam, wadda a da shinkafar ci ma ba ta isarta, ta buɗe kasuwarta daga 1986, yau ita ce ta biyu a duniya wajen fitar da kofi, wayoyin Samsung da yawa da ke hannun yaranmu kuma can aka haɗa su. Bangladesh tana da mutum kimanin miliyan huɗu a masana'antun ɗinki, mafi yawansu mata 'yan ƙauye da iyayensu ba su taɓa riƙe albashi ba. Ba aljanna ba ce, kowa ya tuna ginin Rana Plaza da ya rufta a 2013 ya kashe fiye da mutum 1,100 masu ɗinka wa Turawa riguna. Amma dai yunwa ta ja baya a can.

Tambayar da ke hana ni barci ita ce: mu da muka riga su shiga kasuwar duniya, me ya sa muke nan inda muke? A shekarun da talakawan Asiya ke raguwa, yawan matalauta a Afirka kudu da Sahara ƙaruwa ya yi. Mu ba baƙin jirgin ruwa ba ne. Tun 1925, da aka gama madatsar Sinnar aka buɗe gonakin Jazira, audugarmu ke tafiya masaƙun Lankasha a Ingila. Kimanin shekara ɗari ke nan.

Ku dubi yadda aka tsara Jazira, domin a nan amsar take kwance. An raba ribar auduga uku: gwamnati, kamfanin Turawa, da manomi mai hawasha, wato gonar da aka yanka masa, wanda aka ba shi kashi 40 cikin ɗari. Mai tsinkar audugar fa? Ba ya cikin rabon. Ladan yininsa kawai. Kuma su waye masu tsinka? Da yawansu mutanenmu ne, maniyyata da suka tsaya neman guzuri, da 'yan uwa daga Darfur da Chadi. Aka zaunar da su a kambo, a gefen magudanar ruwa, ba filin kansu, ba takardar gida. Turawa suka tafi, aka mayar da aikin hannun gwamnati a 1950, aka faɗaɗa shi da Manakil har ya kai fadan, wato ma'aunin gona, miliyan biyu, farashin auduga ya hau ya sauka, amma jikokin masu tsinka har gobe a kambo suke. Auduga ta gina Madani, ta gina Khartum, ta ciyar da masaƙan Ingila. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abin da na fahimta, bayan na daɗe ina jujjuya maganar, shi ne kasuwar duniya ba ta biyan gumi. Matsayi take biya. Igiya ce doguwa daga gona zuwa kantin da ke Paris ko Shanghai, kowa da inda ya riƙe, kuma kuɗin yana taruwa ne wajen wanda zai iya jira, wanda ya san farashi, da wanda ya sarrafa kayan ya sa musu suna. Ɗan China da ɗan Vietnam sun matsa gaba a jikin igiyar, daga gona zuwa masana'anta. Mu muna nan a wutsiya, muna sayar da abu ɗanye, ranar da kowa ke sayarwa, ga wanda muke bin sa da godiya saboda ya ranta mana.

Ƙaro ya fi komai nuna wannan. Babu ƙasar da ta kai Sudan fitar da shi, kusan kashi biyu cikin uku na ɗanyen ƙaron da ke yawo a kasuwar duniya daga nan yake fita, Chadi da Najeriya na biye. Mutum zai shiga dajin hashab bayan ɗaukewar ruwa, ya tsaga bawon itace da sunki, ƙaya na yagar masa hannu, ya jira makonni, ya dawo ya bi bishiya ɗaya bayan ɗaya yana tsinko ɗigon da ya daskare, ruwan sha ma sai ya saya. Wannan ɗigon shi ne ke riƙe ɗanɗanon lemon kwalba kada ya kwanta, yana cikin alewa, yana cikin ƙwayar magani, yana cikin kayan kwalliya. In kun juya kwalba kuka ga an rubuta E414, gumin mutanen Kurdufan da Nilu ne. Hukumar ciniki ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNCTAD, ta yi lissafi a 2018: tsakanin 2014 da 2016, ɗanyen ƙaro yana kawo wa masu fitar da shi kimanin dala miliyan 150 a shekara, sarrafaffe kuwa dala miliyan 192, kuma kashi 90 cikin ɗari na wannan na biyun ƙasashen Turai ne ke kwashewa. Faransa, wadda ko bishiyar hashab ɗaya ba ta da ita, ita ce uwar ɗakin ƙaro a duniya. Me suke yi masa? Su narkar, su tace, su busar ya zama gari, su zuba a buhu mai tambari.

Har abin dariya akwai a ciki, irin dariyar da ta fi kuka ciwo. Da Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan takunkumi a 1997, an rufe ƙofofi da yawa, banki ya daina hulɗa da banki, kayan gyaran jirgin ƙasa suka gagara, amma aka bar wa ƙaro taga, domin kamfanoninsu ba za su iya rabuwa da shi ba. A 2007 jakadan Sudan a Washington ya ɗaga kwalbar Coca-Cola gaban 'yan jarida yana barazanar hana fitar da ƙaro. Duniya ta yi ta labarin. Mai sunki da ke daji bai ji ba, kuma ko ya ji, kantarinsa bai ƙara ko fam ɗaya ba. Daga 1969 har 2009 kamfani guda ne ke da izinin fitar da ɗanyen ƙaro daga ƙasar nan, shi ke yanka farashi. Da aka karya wannan kaka-gida kuka samu shiga, kuma gaskiya farashi ya ɗan motsa a kasuwar Ubayyid. Sai dai tsakanin Ubayyid da daji akwai tafiya, kuma shel na zaune a tsakiyar hanyar.

Na san amsar da za ku ba ni, domin na ji ta a majalisarku ba sau ɗaya ba. Za ku ce, “Yaro, mu ma ƙananan kifaye ne.” Kuma akwai gaskiya a ciki. Daga Gadarif zuwa Bur Sudan shinge nawa mota ke tsayawa, kowanne da rasiɗinsa, wani ma ba rasiɗi? Ga zakka, ga kuɗin kasuwa, ga na jiha, ga na tashar jiragen ruwa. Shekaru kuka yi ana tilasta muku canza dalar da kuka samo a farashin gwamnati, alhali a kasuwa ta ninka haka sau da yawa, har sai da aka saki fam a Fabrairun 2021 dala ɗaya ta tashi daga fam 55 zuwa 375 cikin yini guda. Mai saye a China yana da Habasha da Najeriya da Tanzaniya da Indiya a tafin hannunsa, in kun ƙi, wani zai sallama. Masu tumaki a cikinku sun ga yadda sanarwa ɗaya daga Saudiyya kan zazzaɓin dabbobi a 2019 ta tsayar da tashar jiragen ruwa ta Sawakin cak, sun kuma ga jirgin da ya nutse a bakin tashar a Yunin 2022 da tumaki fiye da 15,000 saboda lodin da ya wuce kima. Ƙasarmu tun 1994 take ƙwanƙwasa ƙofar Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, har yau tana waje. Waɗanda ke ciki ma ba su tsira ba. A 2003, a taron Kankun, Benin da Burkina Faso da Mali da Chadi suka kai kukan cewa tallafin da Amurka ke ba manoman audugarta yana karya farashi yana kashe nasu manoman. An saurare su, an yi alkawura. Brazil ce, mai kuɗin ɗaukar lauyoyi, ta kai ƙara ta yi nasara, har Amurka ta biya ta dala miliyan 300 a 2014 don a rufe maganar.

Duk na yarda. Amma iyayena, kashin dankali ake yi, babba a kan ƙarami. Bature da ɗan China sun danne ku, ku kun danne dillali, dillali ya danne mai kanti, mai kanti ya danne Kawu, Kawu kuma, don kada in yi masa son kai, ya danne ɗan Habashan da ya tsallako ta Gallabat ya yanka masa riɗi. Kowa na nuna na samansa, ba mai duban na ƙarƙashinsa. Ni ba ni da hanyar da zan yi wa kamfanin Faransa magana, ba ya jin Hausa, bai san kabarin kakana ba. Ku kuwa sahu ɗaya muke tsayawa ranar Juma'a.

Masana tattalin arziki sun lura da wani abu a shekarun nan na buɗe kasuwanni: tazarar da ke tsakanin ƙasashe ta ragu, saboda tashin China da Indiya, amma tazarar da ke tsakanin mutanen ƙasa ɗaya ta ƙaru a wurare da yawa, har a China ɗin kanta. Ba sai na buɗe littafi ba kafin in gaskata su. Ina ganin benaye na tashi a Gadarif a shekarar da riɗi ya yi tsada a waje, a shekarar kuma ɗalibaina ke ɓacewa daga aji saboda uba ba shi da kuɗin littafi. Riba in ta zo a sama take tsayawa. Faɗuwa in ta zo, har ƙasa take gangarowa ba ta rage komai a hanya. Kuma abin da muke saye ba ya tausaya mana: alkamar burodinmu daga waje take zuwa, da yawanta daga Rasha, ga taki, ga man tarakta, ga magani, duk da dala. Kun tuna dai burodi ne da ya tashi daga fam ɗaya zuwa uku ya fito da mutanen Atbara kan titi a Disambar 2018. Manomi yana sayarwa da farashin ƙauye, yana saye da farashin duniya. Ta ina zai tsaya da ƙafarsa?

Akwai kuma abin da ba ma son faɗa. Idan amfanin gona ya yi daraja a waje, ƙasa ma sai ta yi daraja, sai a fara tambayar wane ne ɗan gari, wane ne baƙo. Rikicin da ya rutsa da mutanenmu a jihar Shuɗin Nilu a Yuli da Oktoban 2022 yana da dalilai na siyasa da na sarauta, ban isa in taƙaita shi a layi biyu ba, amma maganar fili tana tsakiyarsa. Talakan da ba shi da takardar gona, ba shi da ajiya, ba shi da wanda zai tsaya masa, shi ne farkon wanda wuta ke ci. Ku kuna da fasfo da gida a wani gari. Su sai makarantun da aka tsugunar da su.

To me nake roƙo? Ba sadaka ba. Sadakarku muna gani, buhunan azumi suna isowa, masallacin ƙauyenmu ma ɗayanku ne ya rufa shi, Allah ya saka. Amma mutumin da aka rage wa rabin kuɗin riɗinsa a Oktoba aka aiko masa da sukari a Ramadan, an dai yi masa ihsani da abinsa.

Roƙona na farko a kan shel ne. Ba na cewa ku daina ba da bashi, in kun daina gonaki za su kwana ba a yanka ba, banki kuwa ba ya sanin mai fadan goma. Cewa nake ku mayar da shi salam na gaskiya, irin wanda malamai suka karantar da mu. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya iske mutanen Madina suna biyan kuɗin dabino kafin ya nuna, bai hana su ba, ya ce a yi shi da sanannen mudu, da sanannen nauyi, zuwa sanannen lokaci. A rubuta, da shaidu, manomi ya riƙe tasa takardar. A auna da sikelin da kowa ke ganin idonsa, ba buhun da aka cusa aka danna da gwiwa ba. Kuma in ranar kaka farashi ya yi nisa da abin da aka yanka, a mayar wa manomi wani kaso na bambancin. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan, bankunan da ke ba da salam sun san sharaɗin cire zalunci idan tazarar ta yi yawa. Abin da banki ya iya, ɗan uwa ya fi cancanta da shi.

Sai maganar farashi. Kowannenku yana tashi da safe ya ga a wayarsa nawa tan ya kwana a China. Yaronku da ke ƙauye ya sani, manomi ne kaɗai bai sani ba, kuma rashin saninsa shi ne ribar. Annabi ya hana a tare ayari a bayan gari a saye kayansu kafin su iso kasuwa su ji farashi. Ban ga bambanci tsakanin wancan da motar da ke shiga ƙauye da daddare ta kwashe riɗi kafin labarin gwanjon Gadarif ya iso ba. Maƙwabtanmu Habasha sun kafa kasuwar amfanin gona ta zamani a 2008, suka riƙa kafa allunan farashi a garuruwan manoma. Tsarinsu yana da nasa matsalolin, amma wannan guda ɗaya sun yi daidai. Mu ba ma buƙatar allo. Saƙon murya ɗaya da Hausa, kullum bayan gwanjo, a tura wa limamai da masu unguwanni ta WhatsApp, ya wadatar. Wanda ya fara yin haka a cikinku zai yi asarar 'yar riba a shekarar farko, ya samu masu kawo masa kaya har 'ya'yansu.

Abu na uku ya fi nauyi, shi ne kuma na fi so ku yi shawara a kansa tsakaninku. Ku matsa da mu gaba a jikin igiyar nan. Riɗin da muke fitarwa da ƙasa da tsakuwa, a can ake rairaye shi, a cire masa ƙaiƙayi, a matse mai, a yi tahaniya, a dawo mana da ita cikin gwangwani a kantunan Jidda, alhazanmu su sayo tsaraba. Iyayenmu mata sun fi kowa iya sheƙa da tankaɗe da tsince ƙaro, amma a ranar aiki ake biyansu, kamar kakanninsu na Jazira. Injin tacewa da na matsar mai ba jirgin sama ba ne. Mutum biyar a cikinku in suka haɗa abin da suke kashewa a Umrar Ramadan ta shekara biyu, za su kafa shi. Ban ce a bar Umra ba, kada a kai ni gaban malamai. Turai ma ta buɗe wa ƙasashe irin namu ƙofa tun 2001, kaya su shiga ba kuɗin fito in ban da makamai. Abin da ke tare mu shi ne tsabta da takardar inganci, waɗannan kuwa da kuɗi da haƙuri ake samunsu, ku ne masu su. In kuma za a kafa, a sa manoma a ciki da hannun jari, ko da buhu biyu-biyu ne, a gina sito inda mutum zai ajiye kayansa ya karɓi rasiɗi ya jira Fabrairu, maimakon ya zubar a Nuwamba. Jiran nan shi ne duk bambancin da ke tsakaninku da Kawu.

Za ku ce ana yaƙi, wa ke maganar inji? Ni kuwa saboda yaƙin nake maganar yanzu. Igiyar ta tsinke. Masana'antun Bahri sun zama kufai, Madani ta faɗa hannun 'yan Da'am, wato mayaƙan RSF, a Disambar 2023 ba ta dawo ba sai Janairun 2025, dajin ƙaro ya zama fagen fama, ƙaron kansa yana sulalewa ta kan iyakoki a sayar da shi da sunan wata ƙasa, mai bindiga ya karɓi nasa a kowane shinge. Zinariya ta ci gaba da tafiya Dubai, a ƙasar da aka tabbatar da bala'in yunwa a sansanin Zamzam a 2024, mutum fiye da miliyan goma suka bar gidajensu. In ana neman shaidar cewa kaya na iya fita alhali mutane na mutuwa da yunwa, ga ta nan. Ranar da aka ajiye makamai za a sake ƙulla igiyar, kuma masu jari ne za su ƙulla ta. In ba a yi magana yau ba, yadda take a 1925 haka za a mayar da ita, sai dai a canza sunan mai riƙe da kan. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na karanta wa Kawu wannan takarda kafin in sake ta. Ya saurara har ƙarshe yana jan carbi. Ya ce in cire inda na ce ya danne ɗan Habasha, na ce ba zan cire ba, ya yi dariya ya ce to in bar shi. Sannan ya ce in gaya muku su manoman ƙauyenmu da na ƙauyuka uku da ke kusa sun yarda su zauna da duk wanda ya amsa a cikinku, a zauren mai unguwa, da liman, da littafin bashin kowa a buɗe, a yanka sharaɗin bana kafin a kai iri gona. Ya ce in ƙara da cewa in za ku zo ku zo kafin ruwan farko, domin kun san ƙasarmu, da ta sha ruwa ta zama laka, mota ba ta shiga sai Oktoba.

Wassalam.

Ɗanku,
Malamin makaranta, daga kudancin Gadarif